Digiri na biyu da na uku a kimiyyar kwamfuta: abin da mai nema daga Daura ya kamata ya sani

A 'yan shekarun nan Daura ta samu manyan makarantu biyu na Gwamnatin Tarayya: Kwalejin Kimiyya da Fasaha da kuma Jami'ar Sufuri, wadda aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019. Makarantu irin waɗannan suna buƙatar malamai masu digiri na biyu da na uku. Sai dai galibin masu neman wannan mataki a kimiyyar kwamfuta daga ƙananan hukumomin masarautar, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, waje suke fita. Jami'o'in da aka fi dosa su ne ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma, da ta Bayero a Kano, da ta Ahmadu Bello a Zariya.

Sharuɗɗan shiga

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi, da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. A mafi yawan jami'o'i, digiri na biyu yana buƙatar digirin farko mai daraja ta biyu. Mai babbar diflomar HND, ko wanda ya karanta wani fanni daban, yakan fara da diflomar gaba da digiri. Cikakken sakamakon darussa kuwa tsohuwar makarantar ɗalibi ce ke aika shi kai tsaye, kuma jinkirinsa na iya jawo asarar shekara guda, don haka a nema tun kafin a fara sayar da fom.

A kuma bambanta digiri na biyu na bincike da na ƙwarewar aiki. Na ƙwarewa ya dace da ɗan kasuwa ko ma'aikacin da lokaci ya yi wa ƙaranci, amma yawanci ba a wucewa da shi kai tsaye zuwa digiri na uku.

Malamin da zai duba aiki

Samun gurbi ya fi kammalawa sauƙi, kuma a hannun mai duba kundin bincike ake yawan daɗewa. A digiri na biyu sashe ne kan raba ɗalibai ga malamai bayan an gama darussa. A digiri na uku, musamman a jami'o'in Ingila da Jamus, so samu ne malami ya amince da batun tun kafin a cike fom.

Mai nema ya duba maƙalun da malamin ya wallafa kwanan nan a Google Scholar, ya karanta biyu ko uku, sannan ya rubuta masa gajeriyar wasiƙa: ko shi wane ne, wace tambaya yake son amsawa, da inda ta haɗu da aikin malamin. Wasiƙa ɗaya da aka watsa wa malamai barkatai ba kasafai ake amsa ta ba. Ya kuma tambayi tsofaffin ɗalibansa: mutum nawa yake dubawa, kuma mako nawa babi yake yi a teburinsa?

Zaɓen batu

Batun da bayanansa ke kusa ya fi saurin kammaluwa. Farashin dabbobi a kasuwar Mai'adua, da zirga-zirgar kaya a iyakar Kwangwalam, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa Daura, duk fagage ne na nazarin alƙaluma. Haka kuma koya wa kwamfuta sarrafa harshen Hausa, aikin da masu bincike na ƙungiyar HausaNLP suka sa gaba.

Kuɗi da izini

Hukumomin NITDA da PTDF sukan tallata guraben tallafin karatu, asusun TETFund kuma yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati. Ma'aikaci ya samu izinin hutun karatu a rubuce kafin ya yi rajista, domin tafiya ba da izini ba kan jawo horo. Baya ga kuɗin makaranta, a ware na mota da masauki da data da kuma wallafa maƙala, wadda jami'o'i da dama suke sharɗantawa kafin a kare kundin digiri na uku.