Tafkin Bolta

Tafkin Bolta (suna, namiji). Babban tafkin ruwan daɗi a ƙasar Ghana, wanda hannun ɗan Adam ya samar. Ya taru ne bayan an datse Kogin Bolta a Akosombo. An fara ginin madatsar a 1961, aka gama a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, domin samar da wutar lantarki.

Girmansa ya kai murabba'in kilomita kusan 8,500, saboda haka yana cikin mafiya faɗi a tafkunan da aka gina a duniya. Farin Bolta da Baƙin Bolta ne ke shayar da shi daga arewa, sai kogunan Oti da Afram. Ba shi da siffar kwano: ya miƙa rassa cikin kwaruruka kamar saiwar kuka.

Ba a sare dazuzzukan da ruwan ya mamaye ba. Har yau kututturan itatuwa na tsaye a ciki, wasu sun leƙo da kawunansu, wasu sun ɓuya dab da saman ruwa, su yaga koma, su huda cikin kwale-kwale. Wannan sakaci ya ci rayuka da dama.

Mutum kusan 80,000 aka tayar daga gidajensu. Cikin garuruwan da suka nutse har da tsohuwar Kete-Krachi, zangon da fataken Hausawa masu safarar goro suka sani sarai.

Misali: *Daga Yeji muka tsallaka Tafkin Bolta a jirgin fito.*