Daga Azawak zuwa Briqueterie: yadda ake renon babban kare

Ɗan uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, idan ka taɓa sauka Yaounde da shanu ko da kaya, da wuya a ce ba ka shiga Briqueterie ba. Sunan unguwar ya samo asali ne daga wurin yin bulo na zamanin Jamusawa, waɗanda suka bar garin a 1916, kuma nan Hausawa fatake suka kafa zangonsu. Yau an san ta da tsire da kilishi. To, wani abu ya shigo birane irin wannan: ɗan kasuwa ya sayi kwikwiyon ƙaton kare na waje, ya ɗaure shi a bayan shago, yana zuba masa guntun nama. Kafin shekara ta zagayo, kare ya fi ƙarfin mai shi, ko kuma ya fara ɗingishi. Laifin wa?

Mu koma baya kaɗan. Kiwon kare ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Malamai sun daɗe da bayyana halaccin ajiye shi don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gadin gona. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye da Fulani suna da wani dogon kare siriri, tsayinsa yakan haura santimita 70, amma nauyinsa bai fi kilo 25 ba. Abincinsa na gidan ne: gero da nono, sai nama in an yi farauta. Yana tashi cikin awaki da raƙuma, ya san kowa a zango. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, kuma da sunan Azawak ake kiransa can har yau. Ka lura, ba ƙiba ce ta sa aka yaba shi ba. Juriya ce.

Akwai kuma labarin Namibiya. Manoman ƙasar sun daɗe suna harbe rabbi, dabbar nan mai kama da damisa wadda ba a kai ta gudu, saboda tana yi musu ɓarnar awaki. A 1994 ƙungiyar kare rabbi ta Laurie Marker ta fara raba musu manyan karnukan kiwo, irin na ƙasar Turkiyya. Dabarar ba sabuwa ba ce: ana sa kwikwiyo cikin garke tun yana ɗan wata biyu zuwa uku, ya kwana da awaki, ya saba da warinsu, har ya ɗauke su danginsa. In ya girma, haushinsa kaɗai yakan kori maɓarnaci. Amma wurin da akan sha wahala shi ne lokacin samartaka, sa'ad da kare ya yi jiki alhali hankalinsa na yara ne, yana bin 'yan awaki da wasa har ya ji musu ciwo. A nan ne ake bukatar makiyayi a kusa, ya tsawata masa nan take.

Wannan shi ne abin da mai shago yake mantawa. Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda ya yi kasuwa a biranenmu, yakan haura kilo 60, kuma ƙashinsa ba ya gama ƙosawa sai ya kai wata 18 zuwa shekara 2. Idan ka ɗura masa abinci don ya yi saurin girma, nauyi zai riga ƙashi, kwatangwalo da gwiwa su lalace. Raba masa abinci sau biyu ko uku a yini, da awo. Shafa gefensa: in hannunka bai ji haƙarƙari ba, ya yi ƙiba, rage. Kada ka ba shi ragowar tsire, don albasa tana lalata jinin kare, yaji da gishiri kuma suna dagula masa ciki. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Nama zalla ma bai wadatar ba, sai an haɗa da hatsi, kuma kada ka ƙara masa garin ƙashi ba da shawarar likitan dabbobi ba. In ya ci ya ƙoshi, bar shi ya huta, kada ya yi guje-guje.

Horo kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Koya masa zuwa in an kira, da tsayawa in an hana, da tafiya a igiya ba tare da fizga ba. Duka da ɗaurin dare da rana ba sa sa shi jarumta, sai dai su mai da shi mai cizon kowa, har 'ya'yanka.

Cizon nan kuwa ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, alhali tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum rigakafinta. A Njamena an yi wa karnuka allura unguwa-unguwa a 2012 da 2013, cutar ta ja baya sosai. Daga baya ta sake ɓullowa ta hanyar karnukan da suka shigo daga wajen gari. Ka ga ke nan, karen da ke bin garkenka daga Garwa zuwa Yola bai san iyaka ba, cutar ma haka. Yi masa allura daga wata uku, ka riƙe takardarsa tare da ta shanu. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da zai faru.

Kafin ka ba da kuɗin kwikwiyo, tambayi kanka: ina da filin da zai motsa, da abincin shekara biyu, da lokacin zama da shi kowace rana? In babu, karen gida ɗan madaidaici ya ishe ka gadi. Allah Ya tsare mana dukiya da iyali.