ECHO OFF

ECHO OFF umarni ne a tsarin sarrafa kwamfuta na MS-DOS, wanda kamfanin Microsoft na Amurka ya fitar a shekarar 1981. Aikinsa hana kwamfuta nuna umarnan da take aiwatarwa a kan allo. A zamanin MS-DOS, galibi ana rubuta shi a layin farko na fayil ɗin AUTOEXEC.BAT, wanda tsarin ke karantawa duk lokacin da aka kunna na'ura. Daga sigar 3.3 ta shekarar 1987, sanya alamar @ a farkon layin kan ɓoye shi kansa umarnin. ECHO OFF ba ya ɓoye saƙonnin da manhajoji ke fitarwa. Ana kawar da yawancinsu ta hanyar ƙara >NUL a ƙarshen layi.