Ayaba a Ƙasar Bengal

Ƙasar Bengal, wadda aka raba biyu a 1947, a yau ta ƙunshi Bangladesh da jihar Bengal ta Yamma a Indiya. Ƙasa ce ta koguna da laka da damina mai ƙarfi, don haka ayaba, wadda mutanen yankin suke kira kola, ta daɗe da zama shukar bayan gida a ƙauyukanta.

Kowane iri da aikinsa. Champa ƙarama ce mai ɗan tsami, ga araha. Sabri, wadda mutanen Kolkata suka fi sani da martaman, ana danganta sunanta da Martaban, tsohuwar tashar jiragen ruwa a ƙasar Bama, alamar cewa fatauci ya taka rawa a yaɗuwarta. Amritsagar ta yi suna a Narsingdi da ke kusa da Dhaka. Kanthali ita mabiya addinin Hindu ke miƙawa a wajen bauta. Kanchkola kuwa dafa ta ake yi tana ɗanya, kuma da ita ake yi wa mai ciwon ciki abinci.

Gwanintar Bengalawa ta fi fitowa a sauran jikin shukar. Furen, mocha, sai an zauna an ɓare shi ɗaya bayan ɗaya, an cire tsinken da ke cikin kowane ƙaramin fure, mai aikin ta shafa mai a hannu saboda danƙonsa mai baƙanta yatsu, sannan a yanka a dafa da kwakwa. Ɓargon da ke tsakiyar kara, thor, shi ma abin ci ne. Matan Hindu da mazajensu suka rasu, waɗanda al'ada ta hana wa kifi da nama da albasa, suna da babban hannu wajen inganta waɗannan girke-girke, kuma sun cancanci yabon da ba kasafai ake ba su ba. Ganyen shi ne faranti a bukukuwa, a cikinsa ake naɗe kifi da niƙaƙƙen mastad a gasa, abincin da ake kira paturi. Busasshen kara da ɓawo ana ƙona su a tace tokar a yi wanki, kamar ruwan toka a ƙasar Hausa.

A bikin Durga Puja na mabiya addinin Hindu ana kai shukar ayaba kogi da asuba a wanke ta, a ɗaura mata farin zane mai jan baki, a ajiye ta kusa da gunkin Ganesh. A tsofaffin waƙoƙin Manasamangal, a kan karan ayaba da aka ɗaure Behula ta bi kogi da gawar mijinta Lakhindar. Musulmi ma suna da nasu: a Murshidabad, tun zamanin sarakunan Nawab na ƙarni na 18, ana sakin babban dandamalin karan ayaba mai fitilu a kogin Bhagirathi don girmama Halliru. Har yanzu idan ambaliya ta zo, da karan nan mutanen ƙauye ke tsallake ruwa.

Wasu manoman kasuwa a yanzu sun karkata ga irin ayabar Cavendish mai yawan amfani.