Yankari: Dajin da Ya Yi Ta Sauya Hannu

Yawancinmu da muka yi makaranta a Arewa mun fara jin sunan Yankari ne a bakin malamin labarin ƙasa, kafin wata rana a cika mu a mota a kai mu yawon buɗe ido. Abin da muka dawo da shi a ka bai wuce ruwan Wikki ba, da gwaggon birin da ke fizge biredi a hannun yaro. Kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi yadda aka yi wannan daji mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, ya tsira daga gatari da garma.

Ba dajin da ba a taɓa zama a cikinsa ba ne. A Dukke akwai rijiyoyi fiye da ɗari da aka haƙa a jere don tara ruwa. Akwai kogunan da ake kira da sunan Marshall, ɗakuna ne da mutane suka sassaƙa a jikin dutse, akwai kuma ragowar matoyar tama inda maƙera suka narka ƙarfe. Ke nan wasu sun yi noma a nan, sun yi ƙira, sun binne matattunsu, kafin wurin ya koma hannun namun daji.

Tarihinsa na hukuma ya soma ne a zamanin Jihar Arewa. A 1956 gwamnati ta amince a keɓe wurin don kare namun daji, a 1957 kuma ya zama gandun daji a ƙarƙashin En'e ta Bauchi. Ranar 1 ga Disamba, 1962, aka buɗe shi ga masu ziyara. Ga maharban ƙauyukan da ke kewaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne: dajin da iyayensu suka yi farauta a ciki ya wayi gari da iyaka da masu gadi. Muna ganin tun daga nan aka shuka saɓanin da har yau ba a gama warware shi ba.

A 1991 gwamnatin soja ta mai da shi gandun daji na ƙasa, ya koma hannun Tarayya. A 2006 aka mayar wa jihar Bauchi da shi. Kowane sauyi ya zo da sabbin alkawura, amma giwa ba ruwanta da wanda ya sa hannu a takarda. Abin da ya shafe ta shi ne ko mai gadi ya sami albashinsa, ko akwai mai a motar sintiri. A tsakanin waɗannan shekaru annobar bushiya ta farkon shekarun 1980 ta kashe ɓauna da dama, raƙumin dawa ya ɓace daga dajin, masu neman haure kuma suka yi ta harbin giwaye duk da haramcin cinikinsa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989.

Giwayen da suka rage ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin garke mafi girma da ya saura a Nijeriya. Zakuna ma 'yan ƙalilan ne. A 2014 jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society kan aikin tsaro. Aka ƙara sintiri, aka sanya wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, aka ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa ba da labari idan garke ya doshi gonaki. Kisan giwaye ya ragu ƙwarai. Aikin kuwa ba na wasa ba ne, domin akwai masu gadin da suka rasa rayukansu a hannun maharba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, manomin da giwaye suka tattake masa dawa a dare ɗaya ba zai ji daɗin wa'azin kare namun daji ba. Haka makiyayin da burtali ya toshe masa, ga ciyawa da ruwan kogin Gaji yana hangowa a tsakiyar rani. Ba mu ce a buɗe musu daji ba. Mun dai ga cewa duk tsaron da bai sa su a lissafi ba, bindiga kaɗai ke riƙe da shi. Mun kuma ga abin da ya sami Sambisa, wadda ita ma gandun namun daji ce a da, da Kamuku ta Birnin Gwari, bayan da ƙafar masu gadi da ta baƙi ta ɗauke.

Shi ya sa zuwanmu ma yana da nasa amfani. Kuɗin shiga da na kwana a sansanin Wikki suna cikin abin da ke nuna wa hukuma cewa wurin bai mutu ba. Wanda ke son ganin dabbobi ya je da rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, gwanki da kanki da ɓauna suka taru a bakin Gaji. Ba a shiga daji sai da ɗan rakiya, ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka. Kada a ba gwaggon biri abinci, don mu ne muka koya masa sata. Ruwan Wikki kuwa yana fitowa ne daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na wajen digiri 31, rani da damina, garau har ana ganin yashin ƙasa. Ledar ruwa da robar lemo da muke bari a bakinsa ba su da mai kwashewa sai ma'aikatan da ya kamata a ce suna can bakin iyaka suna sintiri.