Satar Kayan Aikin 'Yan Kwangilar Shimfiɗa Waya a Yammacin Katsina: Nazarin Inda Asara Ke Sauka, Daga Yankin Zakka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi satar kayan aikin ƙananan 'yan kwangila masu shimfiɗa wayar sadarwa da ta lantarki a yankin Zakka na ƙaramar hukumar Safana, da maƙwabciyarta Batsari. An dogara da dokokin ƙasa, da alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, da ra'ayoyin masu nazarin laifuka, da hukuncin fiƙihun Malikiyya kan ajiya da aro. Abin da nazarin ya nuna shi ne doka ta kewaye turke da waya da kariya mai ƙarfi, amma kayan da ake gyara su da su ba su samu wannan gata ba. Saboda haka asarar kan sauka a kan mafi raunin masu kwangila, daga nan ta isa ga mutanen gari a matsayin jinkirin gyara.

Gabatarwa

A cewar NCC, an tsinke wayar faiba fiye da sau 50,000 a Nijeriya cikin shekarar 2024, kuma kusan 30,000 daga ciki aikin hanya ne ya jawo su. Daga Janairu zuwa Agustan 2025 hukumar ta lissafa tsinkewa 19,384 da satar kayayyaki 3,241. Waɗannan lambobi rahoto ne na manyan kamfanoni kan kadarorinsu. A bayan kowace tsinkewa akwai wasu mutane da za a tura da mota, da tsani, da injin haɗa faiba, su je su ɗinke ta. Yawancinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne. 'Yan kwangila ne, ko yaran ɗan kwangilar da ya karɓi aikin daga wani ɗan kwangilar. Su ne abin duban wannan maƙala.

Batun zai ƙara girma, ganin gwamnatin tarayya ta sa a gaba shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa. Rabon karkara a wannan aiki hannun irin waɗannan mutane zai bi.

Yankin nazari

Zakka gari ne a ƙaramar hukumar Safana, yana da mazaɓu biyu, Zakka A da Zakka B. Safana da Batsari duk sun jingina da dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin Zamfara, kuma duk wanda ya san labarin Katsina na shekarun nan ya san abin da wannan maƙwabtaka ta jawo. A ranar 14 ga Fabrairu, 2020 an kashe kusan mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da mai a jarka da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, ciki har da na Batsari da Safana, sannan a Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, waɗannan biyun na ciki. Sai da aka shafe watanni kafin sabis ya dawo. A Oktoban 2023 gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kuma a 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana suka shiga sulhu da wasu daga cikin 'yan bindiga.

An kawo wannan tarihi ne ba don a ɗora kowace sata a kan mutanen daji ba. Yin haka kuskure ne, kuma yana ba ƙananan ɓarayi mafaka. Abin lura shi ne yadda rashin tsaro ya sauya tsarin aikin kansa.

Yadda dama ke samuwa

Cohen da Felson, a shekarar 1979, sun kafa ra'in cewa laifi kan auku idan abu uku suka haɗu wuri guda: mai niyya, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Ronald Clarke kuma, a 1999, ya zayyana siffofin kayan da ɓarayi suka fi so: su ɓoyu, su ɗauku, su samu a sauƙaƙe, su yi daraja, su kuma sayu da wuri. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A auna kayan mai shimfiɗa waya da wannan ma'auni. Injin haɗa faiba, irin na Fujikura ko Sumitomo, yana zaune ne cikin akwati da yaro zai iya ratayawa a kafaɗa ya hau babur, alhali sabonsa dubban daloli ne. Haka na'urar OTDR, wadda ke harba haske cikin waya ta faɗi a mita nawa tsinkewar take. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024, don haka wanda ya sayi injinsa kafin lokacin ba lallai ba ne ya iya mayar da shi yau. Sai dai waɗannan manyan na'urori masu sayensu kaɗan ne, kuma sun san juna. Waɗanda suka fi saurin shiga kasuwa su ne ƙananan: injin huda bango, ƙaramin janareta, tsanin alminiyom, filaya, bel ɗin hawa turke, ragowar wayar jan ƙarfe, har diga da shebur. Kowane gida yana da amfani da su, kuma babu mai tambayar rasit.

Ta fuskar mai tsaro kuwa, aikin waya ba kamar gini ba ne da za a kewaye shi da kwano a sa maigadi a ƙofa. Rami ne mai tsawon kilomitoci a gefen hanya, mutane uku a nan, biyu can, kaya a tsakani. Inda kwana a bakin aiki ya zama haɗari, dole ma'aikata su jira rana ta ɗaga kafin su taso daga Katsina ko Dutsin-Ma, su kuma tattara kafin la'asar ta yi sanyi. Lodin kaya da sauke su kullum yana cinye 'yan sa'o'in da suka rage. Mafita ita ce a bar masu nauyi a garin: a shagon wani, ko zauren mai unguwa, ko hannun wani lebura da aka yarda da shi. Ranar da kuma aka ji ƙarar babura aka watse, ba wanda zai tsaya naɗe tsani.

Wa zai biya?

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga wanda ya yi ta'adi ga muhimman kayayyakin sadarwa na ƙasa, kuma umarnin shugaban ƙasa na 2024 ya sanya turakun sadarwa da wayoyin faiba a wannan rukuni. Injin da ɗan kwangila ya saya da kuɗinsa, yana kwance a bayan motarsa, dukiyarsa ce ta kansa. Idan aka ɗauke shi, magana ta koma sata ta yau da kullum, irin wadda sashe na 286 na kundin Final Kod na Arewa ya fayyace, ta bi layi a ofishin 'yan sanda tare da satar akuya da wayar hannu. Kamfanin da ya ba da aiki kuma abin da ya sani shi ne wa'adi. Ɗan kwangila ya rasa inji, sannan ya rasa ladan aikin da bai kammala ba.

A aikace, irin wannan rikici ya fi zuwa gaban dagaci ko malami ko alƙalin kotun shari'a, kuma a nan fiƙihun Malikiyya yana da rarrabewa mai kyau da ya kamata masu sana'ar su sani. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biya sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Haka maigadin da aka ɗauka da lada, haka wanda ya yi hayar kaya. Aro kuwa hukuncinsa daban: a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa zai biya idan ya ce ya ɓata, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da laifinsa ya salwanta ba. Wannan ya shafi sana'ar kai tsaye, domin ƙananan 'yan kwangila da aron inji suke rufa wa juna asiri. Ga abin mamaki: wanda abokinsa ya ara masa inji kyauta don zumunci ya fi ɗaukar nauyi a kan wanda ya biya kuɗin haya. Da yawa ba sa sanin haka sai rana ta ɓaci.

Akwai kuma bambanci tsakanin sata da ha'inci. Haddin sata yana buƙatar a fitar da kaya daga ma'ajiyarsu ta al'ada. Yaron da ubangidansa ya danƙa wa kayan da hannunsa, ya sayar, maha'inci ne, hukuncinsa ta'aziri da biya. Final Kod ma ya ware cin amana a sashe na 311. Wannan rukuni ne aka fi binnewa, saboda yaron sau da yawa ɗan ƙane ne ko ɗan maƙwabci, sai a kashe maganar a gida a riƙa cire kuɗin daga ladansa.

Tasiri a kan gari

Ɗan kwangilar da ya taɓa ƙonewa yakan yi ɗayan biyu: ya ƙi karɓar aikin yankin, ko ya tsawwala kuɗi. Ko wanne ya zaɓa, layin da ya tsinke zai daɗe a tsinke. An ga babban misalin wannan a Oktoban 2024, lokacin da lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna ya taimaka wajen jefa Arewa cikin duhu fiye da mako guda, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, yana cewa rashin tsaro ne ya hana ma'aikatansa isa wurin. A gari kamar Zakka, rashin sabis yana nufin mai POS ya rufe, kuma wanda ya hango motsi a bakin daji ba shi da hanyar sanar da jami'ai.

Abin da za a iya yi

Wasu hukumomi sun bi ta kan masu saye. Borno ta hana sana'ar jari-bola a 2023, Abuja ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu a Janairun 2025. A ganin wannan maƙala haramci irin wannan yana kora cinikin zuwa wata jiha ne kawai, yana kuma cutar da dubban 'yan gwangwan masu neman halal. Rajistar masu saye ta hannun ƙungiyoyinsu, da wajabta rubuta sunan wanda ya kawo kaya, sun fi dacewa. Ingila ta bi wata hanyar a dokarta ta 2023, wadda ta ba gwamnati ikon wajabta sanya alama a jikin wasu injina da ajiye bayanan cinikinsu. Makamancin haka ba ya buƙatar majalisa a nan: ɗan kwangila ya rubuta lambar jikin kowane inji, ya zana sunansa a kai da ƙarfe, ya ba ƙungiyarsu da masu gyaran irin injinan a Kano kwafin lambobin.

Akwai sauran matakai biyu, na farko yana hannun masu ba da aiki. Takardar kwangila a yankunan da ke bakin daji ta ƙunshi inshorar kayan aiki da ƙarin wa'adi idan an tabbatar da sata. Ajiya kuma a daina yin ta da baki. A yi ta a gaban mai unguwa, da shaidu biyu, a rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya da ranar karɓa, a kuma bayyana a takardar ko ajiya ce, ko aro, ko haya.