Amazon RDS

Amazon Relational Database Service, wanda aka fi sani da Amazon RDS, hidima ce ta kamfanin Amazon Web Services da ke bai wa masu haɗa manhajojin yanar gizo damar kafa rumbun bayanai mai dangantaka a gajimare, wato a kan kwamfutocin kamfanin da ake haya ta intanet. Kamfanin ne ke kula da injinan, da sabunta manhajar rumbun, da ajiye kwafin bayanai. Tsara tebura da tantance wanda zai iya shiga kuwa aikin mai haya ne.

Tarihi

Edgar F. Codd, masanin kwamfuta ɗan Ingila da ke aiki a IBM, shi ne ya gabatar da tsarin rumbu mai dangantaka a shekarar 1970. A wannan tsari ana jera bayanai cikin tebura masu layuka da ginshiƙai, sannan lambar shaida ta haɗa wani tebur da wani. Misali, shagon intanet zai iya samun teburin masu saye da teburin odoji, inda kowace oda ke ɗauke da lambar wanda ya yi ta.

An ƙaddamar da Amazon RDS a watan Oktoban 2009 da injin MySQL kaɗai. Daga baya aka ƙara Oracle a 2011, SQL Server a 2012, PostgreSQL a 2013, sai MariaDB a 2015.

Yadda ake kafawa

Da farko ana zaɓar yanki mafi kusa da masu amfani da manhajar, domin nisa na jawo jinkiri. Yankin kamfanin na farko a Afirka shi ne na Cape Town, wanda aka buɗe a 2020. Bayan haka ana zaɓar injin, da ƙarfin kwamfutar, da girman ma'ajiya, a kuma sanya sunan mai gudanarwa da kalmar sirri. Idan rumbun ya tashi, ana samun adireshin da manhajar za ta riƙa tuntuɓarsa da shi. MySQL na amfani da ƙofa mai lamba 3306, PostgreSQL kuma 5432.

Tsaro da kuɗi

Akwai zaɓin buɗe rumbun ga intanet baki ɗaya. Idan aka yi haka ba tare da taƙaita masu shiga ba, kowa na iya gwada kalmar sirri har ya kai ga bayanan jama'a. Shi ya sa aka fi so a bar ƙofar ga sabar manhajar ita kaɗai. Ɓoye bayanai da makullin sirri ma a lokacin kafawa ake zaɓarsa.

Hidimar na iya riƙe kwafin bayanai na atomatik har tsawon kwana 35, kuma ana iya ajiye rumbu na biyu a wata cibiyar domin ya karɓi aiki idan na farko ya tsaya. Ana cajin kuɗi muddin rumbun yana kunne, ko da babu mai amfani da shi.